Kumburin cikin budurwa: wani lokaci ƙari ne a gidan ƙwai

Idan cikin yarinya ya fara tasowa, al'adarta ta rikice, zargin juna biyu ne ke fara zuwa a gida. Sai dai akwai wani ƙari da ke fitowa a gidan ƙwan mace mai kawo waɗannan alamomi.

Mafi yawan kansar gidan ƙwai daga fatarsa ta waje take tasowa, kuma manyan mata take kamawa. Kusan kashi 10 cikin 100 kuwa daga ciki suke fitowa. Wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke zama ƙwai ya fi kama 'yan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba. Wani lokaci yana fitar da sinadarin hCG, wanda awon juna biyu ke nema, sai awon ya nuna ciki alhali babu. Wani nau'in kuma yana dawo da jini ga wadda ta daina al'ada, ko ya sa mace gemu da kaurin murya.

Likita kan fara da hoton eko, sannan awon jini na AFP, hCG da LDH. Tabbaci yana zuwa bayan an auna naman da aka ciro.

A tiyata, ga mai son haihuwa, galibi gidan ƙwai ɗaya da bututunsa ake cirewa, a bar mahaifa da ɗaya gefen. Idan cutar ta bazu, a bi da maganin kemoterapi, kuma akasari ana warkewa.

A Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi na karɓar irin waɗannan marasa lafiya. Ƙarin yana girma da sauri, don haka kafin a tuhumi yarinya, a kai ta eko.