Hunturu a Bogo: Maganin Kasala Na Cikin Rairayin Mayo

Duk ɗan kasuwar da ke sammako zuwa kasuwar shanu ta Bogo ranar Alhamis ya san halin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe rana, jiki ya yi nauyi, zuciya ta yi sanyi. Sai mu lafe a bargo ko gindin wuta, har dillalai su gama cinikin safe ba mu fito ba.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Tromso ta ƙasar Norway, rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Likitoci sun tabbatar ƙarancin haske na jawo kasala da baƙin ciki. Mutanen can sai su ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su yi ta sulu bisa dusar ƙanƙara. A Suwidin ma tun 1922 ake tseren Vasaloppet mai kilomita 90.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da Mayo Tsanaga, wanda ke ƙafewa da rani. Tafiyar rabin awa cikin rairayinsa da hantsi, tare da abokan sana'a, kan sa gumi ya karyo, hira ta daɗa sakin zuciya. A rufe hanci da rawani, mai asma kuma ya dakata in hazo ya yi kauri. Wanda damuwarsa ta wuce mako biyu, ya ga likita a Marwa ko Garwa.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa.