2.4 Yadda Bakteriyar Ƙasa Ke Kare Amfanin Gona Daga Cututtukan Funfuna

A sashen da ya gabata an kawo ire-iren funfunar da ke kama saiwar shuka. A wannan sashe kuwa za a yi bayanin hanyoyin da wasu bakteriyar ƙasa ke bi wajen daƙile ta, da kuma dalilin da ya sa aikin nasu ya fi ƙarfi a matsayin rigakafi.

Tun a shekarar 1904 masanin nan na Jamus, Lorenz Hiltner, ya lura cewa ƙasar da ke manne da saiwa ta fi sauran ƙasar gona yawan ƙananan halittu. Dalili shi ne saiwa tana fitar da sukari da wasu sinadarai waɗanda halittun ke ci. Saboda haka bakteriya da funfuna duk a wannan ɗan wuri suke neman abinci, kuma wanda ya riga zama shi yakan mamaye shi.

2.4.1 Gasar Neman Ƙarfe

Funfuna tana bukatar sinadarin ƙarfe domin ta girma, amma wanda ke narkewa a cikin ƙasa kaɗan ne. A shekarar 1980 Kloepper da abokan aikinsa sun nuna cewa bakteriyar Pseudomonas tana fitar da wani sinadari mai suna sidarofo, wanda ke damƙe ƙarfen ya kai mata. Ta haka funfuna takan rasa abin da za ta yaɗu da shi.

2.4.2 Fitar da Guba

Misalin da ya fi shahara a nan shi ne na cutar ruɓewar saiwar alkama, wadda funfunar Gaeumannomyces ke haddasawa. An daɗe da lura cewa idan aka yi ta noma alkama a gona ɗaya, cutar takan tsananta na 'yan shekaru, sannan ta lafa da kanta. A shekarar 1998 Raaijmakers da Weller, a Jihar Washington ta Amurka, sun tabbatar da cewa Pseudomonas mai fitar da gubar DAPG ce ke taruwa a saiwar. Sun kuma gano cewa sai yawanta ya kai kimanin 100,000 a kowane giram na saiwa kafin ta iya danne cutar. Ita ma Bacillus subtilis tana fitar da iturin da fenjisin, waɗanda ke huda fatar ƙwayar funfuna.

2.4.3 Zaburar da Garkuwar Shuka

Wasu bakteriyar kuma, idan suka zauna a saiwa, sukan sa shuka ta kasance cikin shiri, ta yadda ko ganye cuta ta kama, martanin shukar zai zo da sauri.

2.4.4 Abin Lura

Duk hanyoyin nan uku suna da sharaɗi ɗaya, wato bakteriyar ta riga funfuna isa saiwa, kuma ta yi yawa. Wannan ne ya sa aka fi gauraya ta da iri kafin shuka, kamar yadda aka yi da Kodiak a kan irin auduga a Amurka a shekarun 1990. Shi ne kuma ya sa nau'in da ya kashe funfuna a ɗakin gwaje-gwaje yakan kasa a gona, idan zafi ko fari ya hana shi yaɗuwa.

A nan ne Bacillus ta ɗara Pseudomonas, domin tana iya dunƙulewa cikin ƙwanso mai jure zafi da bushewa, ta daɗe a ajiye. Wannan siffa tana da muhimmanci ga manoman tumatir da wake a arewacin Nijeriya, inda adana magani a wuri mai sanyi ke da wuya. Saboda haka sashe na gaba zai mai da hankali ne a kan Bacillus.