Adashin Owendo da kashi biyu cikin uku

Duk wanda ya taɓa zubin adashi ya san ba kowace shawara ake yankewa iri ɗaya ba. A ce 'yan kasuwa talatin ne a Owendo, garin tashar jiragen ruwa da ke maƙwabtaka da Libreville, babban birnin Gabon, inda jirgin ƙasa ke sauke katako da ma'adinin manganis. In ranar zubi za a sauya daga Juma'a zuwa Lahadi, mutum goma sha shida sun isa. Amma in an zo batun wa zai fara kwasa, ko a ƙara kuɗin zubi, sai a ce a'a, sai mutum ashirin sun yarda. Dalilin a fili yake: abin da ya taɓa tushen amana ba a bar wa rinjayen mutum ɗaya.

Haka tsarin mulkin Gabon na 1991 ya yi. Dokar yau da kullum rinjaye kawai take nema, amma gyaran tsarin mulki a majalisa sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa. A takarda, shinge ne mai tsayi.

To amma in uwar adashi ita ta kawo mutum ashirin da biyar cikin talatin, ƙannenta da surukanta da masu cin bashi a hannunta, ina amfanin ƙa'idar? Jam'iyyar PDG ta gidan Bongo, mai mulkin Gabon a lokacin, ta samu kujeru 98 cikin 143 a zaɓen majalisar dokoki na 2018, ga kuma sanatoci 15 da shugaban ƙasa ya naɗa da kansa a 2021. Ƙa'idar tana nan, ba wanda ya karya ta, sai dai ba ta hana komai ba. A 2003 an cire iyakar wa'adi, aka mai da zaɓen shugaban ƙasa zagaye ɗaya. A 2018 an dawo da zagaye biyu. A Afrilun 2023, saura watanni kaɗan a yi zaɓe, aka sake komawa zagaye ɗaya.

Wannan zagaye ɗayan ba ƙaramin abu ba ne. Da shi Ali Bongo ya hau mulki a 2009 da kusan kashi 42 cikin ɗari, ya kuma wuce abokin takararsa Jean Ping a 2016 ba tare da ya kai rabi ba.

Nijeriya ta ƙara wani mataki: bayan kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Amma tazarcen Obasanjo bai ma kai jihohi ba, a Majalisar Dattawa ya mutu a Mayun 2006, domin 'yan jam'iyyarsa da yawa sun ƙi. A ganina nan ne bambancin yake, wato 'yan zubin da ke iya cewa uwar adashi a'a. Tandja kuwa a Nijar, da ya ga majalisa ba za ta ba shi tazarce ba, rushe ta ya yi a 2009 ya tafi ƙuri'ar raba gardama.

Sojojin Gabon sun kifar da Ali Bongo ranar 30 ga Agusta, 2023. Sabon tsarin mulkin da aka amince da shi a Nuwamban 2024 ya dawo da zagaye na biyu, ya kuma ƙayyade wa'adi biyu na shekara bakwai-bakwai. Sai dai Janar Oligui Nguema, wanda ya jagoranci juyin mulkin, ya ci zaɓen Afrilun 2025 da sama da kashi 90 cikin ɗari, saboda haka har yanzu ba a gwada sabuwar ƙa'idar a zaɓen da ya yi zafi ba.