Tamma Tamma da Jumma Chumma: Ashe kiɗan ɗan Afirka ne Indiyawa suka wanke!

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya, ko a Plaza da Marhaba a Kano, ko a gaban bidiyon gidan maƙwabta, ba sai an yi masa dogon bayani kan waƙoƙin nan biyu ba. Ta farko ita ce Tamma Tamma Loge ta fim ɗin Thanedaar, wadda Madhuri Dixit ta cashe a cikinta tare da Sanjay Dutt, wato Ɗan Daba Mai Lasin. Ta biyu kuwa Jumma Chumma De De ce ta fim ɗin Hum, inda Amitabh Bachchan ya tara ’yan dakon tashar jirgin ruwa suna tsalle suna yi masa amshi.

To mai karatu, ka taɓa lura cewa karin waƙoƙin nan kusan ɗaya ne? Saka su ɗaya bayan ɗaya ka saurara, za ka ji kamar an tsaga kara. Dalili kuwa shi ne uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma uban ba Ba’indiye ba ne. Baƙar fata ne ɗan ƙasar Gini, sunansa Mory Kante.

Wane ne Mory Kante?

An haife shi a 1950 a yankin Kissidougou na ƙasar Gini, a gidan waƙa na gado. Mutanen Mande suna kiran irin waɗannan gidaje jeli, kwatankwacin makaɗan fada a wurinmu, masu riƙe tarihin sarakuna da ka. Tun yana yaro aka tura shi Mali don ya koyi sana’ar gidansu. Ya fara da balafon, wani abin kiɗa na katako da ’yan ƙorai a ƙarƙashinsa, daga baya ya kama kora, wata irin babbar garaya mai tsirkiya 21.

A 1971 ya shiga ƙungiyar Rail Band ta Bamako, wadda hukumar jiragen ƙasa ta Mali ke ɗaukar nauyinta. A lokacin Salif Keita ne babban mawaƙin ƙungiyar. Da Salif ya tafi a 1973, sai Mory ya gaji kujerarsa. Daga nan ya koma Abijan, sannan a 1984 ya tsallaka Faris.

A can ne ya yi abin da ya ɗaga shi. Ya haɗa kora da ƙahonni da gangunan lantarki irin na gidajen rawa, ya fitar da faifan Akwaba Beach a 1987. Waƙar Yeke Yeke da ke ciki, wadda ya taɓa rera ta a wani faifansa na 1984, ta kama wuta a Turai. A 1988 ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe irin su Holan da Beljiyam da Sifen, ta kuma zama waƙar Afirka ta farko da aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya nata. A cikin wannan faifan akwai wata waƙa mai suna Tama. Turawa ba su rikice a kanta kamar Yeke Yeke ba. Amma mutanen Bombay, da suka ji ta, sai suka ce da wa Allah ya haɗa mu!

Waƙa ɗaya, fim biyu

Fim ɗin Thanedaar ne ya riga fitowa, a ƙarshen 1990. Bappi Lahiri, mutumin nan mai sarƙoƙin zinari wanda ya yi kiɗan Disco Dancer, shi ya shirya waƙar, ya rera ta tare da Anuradha Paudwal. Ko sunan bai wahalar da kansa wajen canzawa ba: Tama ta zama Tamma Tamma. Saroj Khan ce ta tsara rawar, kuma har yau ana lissafa ta cikin manyan raye-rayen Madhuri.

Ba a yi nisa ba, a farkon 1991, sai ga Hum na darakta Mukul Anand, wanda ya haɗa Amitabh da Rajinikanth da Govinda. Laxmikant da Pyarelal, tsofaffin hannu a kiɗan fim, su suka ɗauki karin Tama suka zuba masa ganguna masu nauyi da muryoyin taron maza. Sudesh Bhosle ya yi muryar namiji, ya kwaikwayi Amitabh har mutane da yawa suka ɗauka jarumin ne da kansa yake rerawa. Kavita Krishnamurthy ta yi muryar mace, Kimi Katkar ta hau kanta cikin jar riga. Chinni Prakash da ya tsara rawar ya samu kyautar Filmfare.

Abin dariyar shi ne, a lokacin an yi ta ka-ce-na-ce a Bombay kan wane ne ya kwaikwayi wani tsakanin ɓangarorin biyu. Ɓarawo na ƙarar ɓarawo ke nan, mai kaya yana can Faris da korarsa! A jerin sunayen finafinan biyu, Bappi Lahiri da Laxmikant-Pyarelal aka rubuta a matsayin masu kiɗa.

Kuma ba Tama kaɗai aka taɓa ba. A cikin Hum ɗin dai, waƙar Ek Doosre Se ta ɗauko karinta daga Inch Allah, ita ma ta faifan Akwaba Beach. A Agneepath na 1990, fim ɗin Mukul Anand da Amitabh, an ji Yeke Yeke tana tashi a bayan fage. A 1997 masu fim da harshen Telugu su ma suka ɗebi rabonsu daga Yeke Yeke a fim ɗin Preminchukundam Raa. Faifai ɗaya ya ciyar da masana’anta guda.

Turawa ma sun juya Yeke Yeke. A tsakiyar shekarun 1990 wasu Jamusawa biyu da ake kira Hardfloor sun sake haɗa kiɗanta don gidajen rawa, ta sake shiga jerin waƙoƙin da suka yi kasuwa a Ingila. Bambancin shi ne su da sunan Mory Kante aka buga faifan.

Bayan shekara 27

A 2017 waƙar ta sake dawowa. Kamfanin Karan Johar ya fitar da Badrinath Ki Dulhania, inda Varun Dhawan da Alia Bhatt suka taka Tamma Tamma Again. Tanishk Bagchi ya sabunta kiɗan, Badshah ya ƙara gambararsa, aka bar tsofaffin muryoyin Bappi da Anuradha. Matasan da suka yi ta yaɗa ta a waya sun ɗauke ta a matsayin sabunta waƙar Bappi Lahiri. Wato wanki ya zama asali, har ana wanke shi! Mory Kante ya rasu a Konakiri ranar 22 ga Mayu, 2020, yana da shekara 70. Bappi Lahiri ya bi shi a Fabrairun 2022.

Ina ruwan ’yan fim ɗinmu?

Da ruwansu mana. Tun lokacin da rawa da waƙa suka kankane finafinan Hausa, musamman bayan Sangaya, babu zargin da aka fi yi wa masana’antarmu kamar wankiya. Furodusa ya shigo sutudiyo da kaset ɗin Indiya, ya ce wa mai fiyano, “Irin wannan nake so.” Masu bege ma sun ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya. Wani zai karanta labarin nan ya ce to ai shi ke nan, su ma Indiyawan wanki suke yi, sai a ƙyale mu.

A’a, malam, tsaya tukuna. Aron kari tsohon abu ne, kuma babu mai musun cewa Laxmikant da Pyarelal sun yi aiki a kan abin da suka ɗauka, don Jumma Chumma tana da nata armashin. Inda gizo ke saƙar shi ne goge sunan mai abu. Miliyoyin mutane daga Bombay har Fagge sun yi shekara da shekaru suna rawa da karin wani bawan Allah ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

Wannan zafin mawaƙanmu sun san shi. Sau nawa aka yi fim, waƙa ta sayar da shi, jarumi ya kwashe suna, wanda ya rubuta da wadda ta rera aka sallame su da kuɗin mota? Sau nawa aka ɗauki baitin Shata ko Ɗanƙwairo aka cusa a sabuwar waƙa ba a ko ce Allah ya ji ƙansu ba? Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta bin mutum har sutudiyo ta riƙe masa biro. Mawaƙi ya nemi yarjejeniya a rubuce kafin ya shiga ɗakin ɗaukar murya. Furodusan da ya ari kari ya nemi izini, ya rubuta sunan mai shi a jerin sunaye.

Kai kuma ɗan kallo, nemi Tama ta Mory Kante a YouTube, ka saurare ta, sannan ka bi ta da Tamma Tamma da Jumma Chumma. Idan ka gama, rubuto mana a filin wasiƙu ka gaya mana wadda ta fi daɗi.