Babu Tekun Wuta a Ƙarƙashin Ƙafafunmu

A zauren hira a Parakou, ko cikin motar da ke bin hanyar Djougou, da zarar an ambaci dutse mai aman wuta sai wani ya ce ai ƙarƙashin ƙasa teku ne na narkakken dutse, mu kuwa muna zaune a kan ɓawonsa. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta ɓullo daga Harrat Rahat kusa da Madina, narkakken dutse ya malala har kusa da birnin. Wanda ya ji wannan labari ba zai rasa dalilin zaton teku ba.

Sai dai ma'aunan girgizar ƙasa sun nuna wani abu dabam. Girgiza takan aika igiyoyi iri biyu cikin ƙasa. Ɗaya tana ratsa ruwa da dutse, ɗayar kuma ba ta ratsa ruwa sam. Wannan ta biyu tana wucewa lafiya lau har zurfin kusan kilomita 2,900, inda narkakken ƙarfen tsakiyar duniya ya tare ta. Ashe kusan duk abin da ke tsakaninmu da can dutse ne mai ƙarfi, ko da yake yana da zafi.

Narke-narken yana nan, amma a aljihu-aljihu. Inda dutse ya fara narkewa igiyoyin sukan rage gudu, masana su tara bayanan tashoshi da yawa su zana hoton wurin, kamar yadda likita ke duba cikin mai juna biyu. A Yellowstone ta Amurka, binciken 2022 ya gano narkakken kashi 16 zuwa 20 ne cikin ɗari. Abin ya fi kama da yashin rafi da ya sha ruwa.

Ban ce a saki jiki ba. A 2009, a Harrat Lunayyir ta Saudiyya, narke-narke ya taso kusa da saman ƙasa, aka yi dubban girgiza, aka kwashe mutanen Al-Ais. Ma'aunai ne suka nuna inda yake tasowa. A Kamaru ma an kafa tashoshi 32 tsakanin 2005 da 2007 don leƙa ƙarƙashin jerin duwatsun ƙasar.

Ƙasar Borgou da Donga kuwa, inda Parakou da Djougou suke, tsohon dutse ce da ta daskare tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Duwatsun Atacora da matafiyi ke gani bayan Djougou, a hanyar Natitingou, matsewar ƙasa ce ta ɗaga su, ba aman wuta ba.