Jirgin Kano zuwa Maraɗi: me baƙin ma'aikata za su bar wa Madarunfa?

Jama'a, tun watan Fabrairun 2021 da shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, hirar ba ta ƙare ba a rumfunan kasuwanninmu. Hanyar mai tsawon kilomita 284 za ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ta tsallako iyaka ta ratsa ƙasar Madarunfa kafin ta isa Maraɗi. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2.

Kowa na lissafin ranar da zai loda albasa ko wake a tarago. Amma kafin jirgi akwai masu shimfiɗa hanyarsa. Babban kamfani irin wannan yakan ɗebo injiniyoyi da shugabannin aiki daga ƙasashen waje, ya gina musu sansani, ya ba su abinci, ruwa, wuta da likita. Tambayarmu a nan ita ce: cefanen wannan sansani daga ina zai fito, kuma ɗiyan wa za a ɗauka aiki?

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar kashi 40. Shekara da shekaru ma'aikata ƴan ƙasa suna kokawa kan tazarar albashi tsakaninsu da baƙi. A watan Maris na 2025 sai da hukumomi suka sallami manyan shugabanni uku ƴan Sin na kamfanonin mai, kuma batun albashin yana cikin dalilan da aka bayar. Abin da ba a daidaita tun farko ba, da rigima ya ƙare.

Akwai kuma misalin da ya fi daɗin ji. A Daura, kamfanin CCECC mai aikin hanyoyin jirgi a Najeriya ya gina jami'ar koyon harkokin sufuri a matsayin gudummawarsa ga al'umma, an aza tubalinta a 2019. Wato kamfani yana iya barin abin tunawa idan an nema tun ana ciniki.

To mu me za mu nema? Na farko, kasuwa. Allah ya hore mana kifin tafkin Madarunfa, ga tumatur, albasa da zogale daga garake, ga kaji da ƙwai. Sai dai mai sayen kayan kamfani ba ya bin tire-tire yana taya. Yana son mutum ɗaya da zai sa hannu a takarda, ya kawo kaya iri ɗaya a ranar da aka ajiye, ya ba da rasit. Mace ɗaya ba za ta iya ba, amma ƙungiyar mata mai rajista da asusun ajiya tana iyawa. Uwayenmu masu adashi, rabin aikin kun riga kun yi.

Na biyu, aiki ga matasa: kada a tsaya kan gadi da ɗaukar kaya, a koya musu walda, tuƙin manyan injuna da gyaransu. Na uku, ruwa. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa don sansani ta zama ta gari bayan an tashi. Na huɗu, a sanar da baƙi al'adunmu tun ranar saukarsu, su san darajar kaburburan waliyyai da ke kewaye da tafki, su san lokacin salla da na azumi.

Mu ma da namu nauyi. Wanda ya ninka wa baƙo farashi yau, gobe baƙon zai aika mota Maraɗi ta yi masa cefane.

Waɗannan buƙatu ba a bakin titi ake faɗarsu ba. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su zauna da sarakuna, hukumar gari da perfe, a rubuta su, a miƙa wa kamfani kafin a kafa sansani. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa za ta bushe, mu ne za mu zauna da abin da ta bari. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.