Gajiya da Hutu ga Masu Ɗaga Ƙarfe

Duk wanda ya zaga Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke kewaye da su da yamma zai ga wata sabuwar ɗabi'a ta samari. Za a sami sandar ƙarfe, a cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, a kafa su a bakin sandar, shi ke nan an sami abin ɗagawa. Wasu don dambe ko kokawa suke yi, wasu don ƙwallo, wasu kuwa don dai a ga ƙirji ya buɗe. Ni ban ga laifin wannan ba, domin motsa jiki lafiya ne. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a kai shi ne, akwai wani ciwo da ke biyo bayan wuce gona da iri a wannan wasa, kuma mutane kaɗan ne suka san alamunsa.

Da farko ya kamata mu san yadda tsoka take girma. In mutum ya ɗaga nauyin da ya fi abin da ya saba, ƙananan zaruruwan da ke cikin tsokarsa sukan ɗan yayyage, kuma abincin da tsokar ta ajiye yakan ragu. Shi ya sa ake jin ciwon jiki, wanda yakan fi tsanani daga kwana 1 zuwa kwana 3 bayan wasan. A lokacin hutu, musamman cikin barci, jiki yakan ɗinke inda ya yage, ya kuma ƙara masa kauri don shirin gaba. Wato ƙarfe yana rushewa ne, hutu da abinci su ke yin ginin. Saboda haka masana suka ce a ba tsokar da ta sha aiki sosai kamar awa 48 kafin a sake ɗora mata nauyi.

Wani likita mai suna Hans Selye, wanda ya yi aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya bayyana wannan al'amari a shekarar 1936 bayan gwajin da ya yi da ɓeraye. Ya nuna cewa jikin da aka matsa wa yakan bi matakai uku. Da fari ya firgita, sannan ya jure ya saba, in kuma matsin ya ci gaba ba sassauci, sai ya sare. Mai ɗaga ƙarfe yana neman mataki na biyu ne. Wanda bai san hutu ba kuwa, na ukun zai faɗa.

Mu 'ya'yan manoman rani ba ma bukatar dogon bayani a nan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai yana shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina. Amma kowane manomi ya san in ya bar ruwa ya kwanta a fangalin tumatir ko na alkama kullum, saiwa za ta ruɓe. In ya zuba takin zamani fiye da kima, shuka za ta ƙone. Ruwa da taki alheri ne, yawansu ne ɓarna. To, haka nauyi yake ga tsoka.

Akwai kuma abin da ya sa namu ya bambanta da na 'yan birni. Saurayin birni yakan tashi daga kujerar ofis ko ta aji ya tafi wurin motsa jiki. Namu kuwa tun da asuba yana gona yana ban ruwa, ko yana dakon buhunan shanshera zuwa injin casa a Kura, ko yana loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Buhun shinkafa ɗaya kilo 50 ne. Wanda ya ɗauki 40 a yini ya ɗaga kilo 2,000 ke nan tun kafin ya taɓa sandar ƙarfe. Jiki bai san bambancin buhu da ƙarfe ba, duk lissafi ɗaya yake yi musu. Ga kuma zafin bazara, a watan Maris da Afrilu, inda zafi kan kai awo 40, gumi ya kwashe ruwa da gishirin jiki.

To, yaya mutum zai gane ya wuce iyaka? Alama ta farko ita ce ƙarfi ya riƙa raguwa alhali ana ƙara ƙoƙari, nauyin da ake ɗagawa sau 10 a da ya gagara sau 6. Sai kasala da ba ta tafiya ko an kwana, da rashin barci duk da gajiya, da rashin son abinci, da rama, da saurin fushi, da yawan mura, da ciwon gaɓoɓi. Ɗalibi kuma yakan kasa riƙe karatu, ya yi ta gyangyaɗi a aji. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Kowace safiya kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya, ka rubuta. In ka ga ya haura abin da ka saba da kamar 10, kwana da kwanaki, jikinka yana neman hutu. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

A shekarar 2013 manyan ƙungiyoyin likitocin wasanni na Turai da Amurka sun fitar da bayani na haɗin gwiwa, inda suka kasa wannan gajiya gida uku. Ta farko tana warkewa cikin 'yan kwanaki, har ƙarfi ya ƙaru bayanta. Ta biyu takan ɗauki makonni ko watanni. Ta ukun, wadda ita ce ciwon sosai, tana iya cin watanni da yawa kafin mutum ya dawo daidai. Ashe wanda ya ƙi hutun kwana 2 yana iya yin hutun dole na wata 6.

Iyaye, ga wani abu da ya shafe ku. In yaro ya yi wasan da ya fi ƙarfinsa, tsokarsa ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, a kai shi asibiti a ranar. Wannan alama ce ta cewa tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Kada a ce tsargiya ce a share. Tsargiya, wadda muke ɗauka a ruwan magudanai, jini ne ja da yakan fito a ƙarshen fitsari, ita ma tana da maganinta a asibiti. Har ila yau zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna kawo kasala irin ta wuce gona da iri, don haka gajiyar da ta ƙi tafiya bayan hutun mako 2 gwajin likita take bukata.

Haɗari mafi girma shi ne rufe bakin gajiya da ƙwaya. Wasu sukan sha tramadol don su yi aikin mutum uku. Ƙwayar ba ta gyara tsoka, ɓoye ciwon kawai take yi, mutum ya ci gaba da yi wa kansa rauni bai sani ba, ga jaraba da farfaɗiya da take jawowa.

Maganin kuwa yana hannunmu. Na ɗaya, barci. Wanda ke tsakanin shekara 13 da 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Na biyu, abinci. Tuwo da shinkafa suna ba da kuzari, amma ginin tsoka sai da wake, ƙwai, kifi, nono, awara, ƙosai da ƙuli-ƙuli, duk kuwa muna da su a kasuwanninmu. Na uku, ruwa, a sha har fitsari ya yi haske. Na huɗu, tsari. Kwana 3 a mako sun isa, da ranar hutu a tsakani, a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kuma bayan kowane mako 4 zuwa 6 a yi mako guda na sassauci. Lokacin girbin shinkafa ko ɗiban tumatir a rage ƙarfe, domin gona ta riga ta karɓi rabonsa. Da azumi a bari sai bayan shan ruwa.

Ina roƙon abokaina su daina yi wa wanda ya huta dariya suna kiransa rago. Malaman wasanni da iyaye kuma su riƙa tambayar yaro awa nawa ya yi barci, kamar yadda suke tambayarsa kilo nawa ya ɗaga. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.